Mataki Na Goma Sha Tara

Duk wanda ya taɓa aiki da Malam Ja'afaru Isa a rajistar ma'aikatarsu da ke unguwar Doka zai shaida masa abu ɗaya: takarda ba ta ɓata a hannunsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana karɓar wasiƙu, yana buga musu lamba, yana ɗaure su a fayil, har ya zama shi ne shugaban rajistar. Matarsa Kaltume ta fi kowa sanin wannan hali nasa, domin a nan suka haɗu tun tana buga tafireta. Ta daɗe da barin aiki, amma aikin bai bar gidanta ba. A kabad ɗin falo akwai fayil na makarantar yara, da na firij da rediyo, har da na bishiyar gwaibar tsakar gida, mai ɗauke da ranar da aka dasa ta da ranar da ta fara 'ya'ya.

Duk waɗannan dariya suke ba ta. Guda ɗaya ne ba ya ba ta dariya, wani mai shuɗin bango da aka rubuta wa kalma ɗaya a sama: Tsaga.

Asalin abin gona ce. Malam Ja'afaru ya sami fili a Katabu, a kan hanyar Zariya, da niyyar idan ya yi ritaya ya koma noma. Shekara biyar yana da gonar, amma bai taɓa taka cikinta ba. Yakan je da Kaltume ranar Lahadi, ya tsaya a bakin hanya inda ƙasa take fili, ya riƙa nuna wa 'yan ƙodago abin da za su yi da hannu. Ita takan shiga har tsakiya ta tsinko kuɓewa, ta dawo ta same shi a inda ta bar shi, yana ta duban ciyawa. Ba ta taɓa yi masa ba'a a kan wannan ba, don ta san dalili. Yana sabon akawu ya je hutu ƙauyensu lokacin girbi, maciji ya sari wansa Sanda a gabansa. Shi ya goyo shi zuwa bakin titi, suka yini suna jiran mota, jini yana fita ta dasashin Sanda har rai ya yi halinsa. Tun daga ranar ƙafar Ja'afaru ba ta sake shiga ciyawar da ta rufe idon sawu ba.

Wani masinja a ofis ne ya ba shi labarin Maliki, tsohon gardi da ke zaune a Unguwar Shanu. A ƙuruciyarsa Maliki ya zaga kasuwanni yana wasa da macizai. Yanzu ya tsufa, ya rage masa gamsheƙa biyu a cikin tulu a bayan ɗakinsa. Abin da yake yi wa masu tsoro shi ne tsaga: ya ɗan yayyanka fatar hannu da reza, ya goga wani haɗi mai ɗauke da busasshen dafin macijinsa. Wata na farko tsaga ɗaya, wata na biyu tsaga biyu, haka har ashirin da huɗu. Maliki yakan ce wanda ya kai ashirin da huɗu ya dahu, ko maciji ya sare shi sai dai ya ji zafi.

Wannan tsari ya shiga ran Malam Ja'afaru, don ya yi kama da abin da ya sani. Ya kira kowane wata mataki, kamar matakan aikin gwamnati. Asabar ta farkon kowane wata yakan tafi da ƙafa zuwa Unguwar Shanu da sabuwar rezarsa a aljihu, ya dawo ya buɗe fayil ya rubuta rana da lokaci da yawan tsaga. Ya ari tef ɗin awon ɗinkin Kaltume yana auna kaurin hannunsa na hagu safe da yamma. Har da shafi na musamman ya ware mai suna Amfani. A nan ya rubuta cewa ya daina mura, kuma gwiwarsa ta daina ciwo, yana hawa benen ofis ba tare da ya tsaya a tsakiya ba.

Kaltume takan ce, "Malam, ka rubuta cewa a watan nan ne ka daina zuba sukari cokali huɗu a shayi? Ka rubuta tafiyar ƙafar da kake yi?"

Shi kuma yakan ce, "Wannan ba huruminsa ba ne, Kaltume. Fayil ɗin shayi daban."

Daga mataki na goma sha biyu Maliki ya ga tsanakinsa, ya ba shi ɗan gwangwanin haɗin ya ce ya riƙa yi a gida. Malam Ja'afaru ya kai mataki na goma sha takwas a watan Yunin 1990, sai ma'aikata ta tura shi kwas na wata tara a kudu. Ya so ya tafi da gwangwanin, Kaltume ta ƙi. Ta ce ba za ta bari ya yanka kansa a garin da ba shi da kowa ba. Ya mayar da gwangwanin kabad, ya rubuta a fayil: An dakata, saboda kwas.

Ya dawo a ƙarshen Maris. Kwana uku da dawowarsa Maliki ya zo yi masa sannu da zuwa. Tsoho ne siriri mai yawan dariya, babban yatsansa na dama a karkace. Kaltume ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin gwaiba ta kawo kunun gyaɗa, ta koma bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa inda za ta ji su.

Maliki ya ce, "Akawu, ka yi ƙiba. Ashe karatun nan da nama ake yin sa."

Malam Ja'afaru ya yi murmushi, ya ɗauko shuɗin fayil ya ɗora a cinya. "Baba Maliki, Asabar mai zuwa zan ci gaba. Na tsaya a goma sha takwas, saura shida. Na ƙirga, zan gama a Satumba. Ritaya a Oktoba. Girbin bana da hannuna zan yi shi, in Allah ya yarda."

Maliki ya ajiye kwanon kunu. "Wata nawa ka yi ba ka yi ba?"

"Tara."

"To, ka koma ɗaya."

"Ɗaya kamar yaya?"

"Ɗaya kamar ɗaya. Tsaga ɗaya tal. Jini mantuwa gare shi, Akawu. In ka bar shi wata biyu ma sai ya fara tambaya wane ne wannan baƙon. Bare tara."

"Ba ka taɓa faɗa mini haka ba. Da ka faɗa, da yana nan a rubuce."

"Ai ba ka taɓa tsayawa ba, me zai sa in faɗa? Ga shi yanzu na faɗa, ka rubuta." Ya juyo wajen Kaltume. "Hajiya, kin ji dai da kunnenki. In ya zuba goma sha tara a wannan hannun, ni ba ruwana. Hannu zai kumbura ya ruɓe, ƙila a yanke. Na ga wanda ya yi."

Kaltume ta ce, "Na ji, Baba."

Malam Ja'afaru ya raka baƙonsa har bakin titi da ladabi, ya dawo ya zauna. Kaltume ta lura bai rubuta komai ba.

Ta bari sai washegari da safe, yana shan shayi. Ta zauna a gabansa ta ce, "Malam, maganar Baba Maliki."

"Kaltume, bari in yi miki bayani, ke ma ai tsohuwar ma'aikaciya ce." Ya ajiye kofi, ya gyara zama kamar mai koya wa sabon akawu aiki. "In ma'aikaci yana mataki na goma sha takwas, aka tura shi kwas da izini, in ya dawo, a ina ake mayar da shi?"

"A matakinsa."

"Madalla. An taɓa cewa wanda ya je kwas ya koma masinja?"

"Ba a taɓa ba. Amma akwai hutu, akwai yankewar aiki. Wanda ya bar aiki babu izini, in ya dawo sabon ɗauka ne. Ni na buga irin waɗannan wasiƙu sun fi ɗari."

"Ni da izini na tafi. Takardar tana nan."

"Izinin wa? Babban sakatare ne ya sa hannu. Macijin ya sa hannu? Jininka an aika masa kofe?"

Ya yi dariya har ya ƙware, ya goge idonsa. Da dariyar ta lafa sai ya ce a hankali, "Shekara ɗaya da rabi na yi, Kaltume. Tsaga ɗari da saba'in da ɗaya. Zazzaɓi sau goma sha ɗaya. Duk suna nan a rubuce, babu wanda ya ɓata. A ce kamar ba a yi ba? In na koma ɗaya, sai na ƙara shekara biyu ina tsaye a bakin hanya kamar mai jiran mota, matata tana cikin gona."

Ta ji maganar har cikin ranta, domin ita ce ta hana shi tafiya da gwangwanin. Ta ce, "Ka tsaya a bakin hanya da hannu biyu ya fi mini. Garma ba a riƙe ta da hannu ɗaya. Ka yi mini alkawari."

Ya ɗauki hularsa ya ce, "Ana dubawa."

Ta san abin da wannan kalma take nufi a bakin mutumin rajista: an ajiye maganar a gefe ke nan. Ta yi tunanin ɗauke gwangwanin ta jefa a masai. Ta buɗe kabad ɗin ma, ta tsaya tana dubansa. Amma shekara ashirin da tara suna tare ba ta taɓa ɗaukar abinsa a ɓoye ba, shi ma bai taɓa taɓa nata ba. Ta rufe kabad, ta ce a ranta ranar Asabar ba za ta fita ko'ina ba.

Sai dai ranar Asabar ɗin ce aka sa sunan jaririn 'yar ƙanwarta a Unguwar Shanu, kuma ita ce uwa, ba ta da hanyar ƙin zuwa. Ta shirya da sassafe, ta tsaya a ƙofar falo da mayafinta. Yana karanta jarida.

"Malam, ka jira ni. Ko me za ka yi, ka jira ni."

"A dawo lafiya. Ki gaida mai jego."

A gidan suna ta kasa zama. Ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, ta taya kwasar tuwon shinkafa, ana mata magana tana amsa abin da ba a tambaye ta ba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta ce wa ƙanwarta ta bar abu a kan wuta, ta fito ta tari tasi.

Ta same shi zaune a kujerarsa a baranda, fayil a buɗe a kan tebur, tef ɗin awo a wuyansa kamar tela. Hannunsa na hagu yana kan matashi. Daga wuyan hannu zuwa ƙasa da gwiwar hannu ya kumbura ya yi sheƙi, wurin tsagar ya fara yin duhu. Gumi yana bin goshinsa.

Ya ce, "Kin dawo da wuri."

Ta jawo fayil ta karanta. Da kyakkyawan rubutunsa ya rubuta: Mataki na 19, ƙarfe tara da minti goma, inci goma. A ƙasa: ƙarfe goma, inci goma sha ɗaya da rabi. A ƙasa kuma, rubutun ya fara karkacewa: ƙarfe goma sha ɗaya, inci goma sha uku. Ta juya baya ta duba watannin da suka wuce. Bai taɓa wuce goma sha ɗaya ba, ko a kwana na biyu.

"Tashi mu tafi asibiti."

"Zai sauka. Bari mu ga awon ƙarfe goma sha biyu."

"Malam, tashi."

Ya sunkuyar da kai. "In ce musu me, Kaltume? Shugaban rajista, da furfurarsa, ya yanka kansa ya zuba dafin maciji? Rabin nas ɗin asibitin nan takardun ɗaukar su aiki ta hannuna suka bi."

"Ba sai ka ce komai ba. Ni zan faɗa."

Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabcinsu Alhaji Balarabe, ya fito da motarsa fijo. Kafin su fita ta koma ta ɗauki shuɗin fayil da gwangwanin da tef, ta zuba a jakarta a kan goron suna.

Likitar da suka samu matashiya ce mai suna Ramatu, mai magana a hankali. Ta duba hannun, ta danna farcensa ta saki, tana kallon yadda jini ke dawowa. Ta ce, "Baba, maciji ne? Wane iri? Kun gan shi? Ƙarfe nawa?"

Malam Ja'afaru ya dubi bango. Kaltume ta buɗe jaka ta ajiye fayil a gaban likita ta ce, "'Yata, duk amsar tana nan. Fara daga shafi na ƙarshe."

Likita ta karanta shafin ƙarshe a tsaye. Ta juya na farko, inda aka rubuta sunan macijin, gamsheƙa baƙa mai tofi. Ta duba inda aka rubuta An dakata, ta ƙirga watanni da yatsa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta kira nas ta ce a ɗauko maganin dafi daga firij, ta faɗi irin wanda take so.

Ta ce, "Mama, kullum a nan sai mu yi ta tambaya wane maciji ne, ana ce mana baƙi ne, dogo ne, cikin duhu ne. Yau ne na fara ganin wanda ya zo da takardunsa."

Aka kwantar da shi, aka ɗaura masa ruwa da maganin a ciki, aka wanke tsagar. Likita ta ciro biro ta zana layi a fatar hannunsa daidai inda kumburin ya tsaya, ta rubuta lokaci a gefe. Sannan ta ja Kaltume waje ta gaya mata gaskiya. Ransa, in Allah ya yarda, ba ta jin tsoro sosai. Hannun ne. In kumburin ya ci gaba da hawa, yatsun suka yi sanyi, jini ya daina dawowa farce, sai an kai shi tiyata, kuma ba za ta yi alkawarin zai fito da hannun ba.

"Me zan yi?"

"Ki zauna kusa da shi. Kowace awa ki duba layin, ki danna farcen. In ya yi fari bai dawo ba, ki kira ni da gudu."

Kaltume ta jawo kujera. Ƙarfe ɗaya kumburin ya wuce layin da faɗin yatsa biyu. Nas ta zo ta zana sabon layi. Malam Ja'afaru ya buɗe ido ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "An rubuta?"

"Malam, yanzu ma?"

"In ba a rubuta ba, yaya za a san yana gudu ne ko yana tafiya?"

Ta dube shi, ta ga da gaske yake, kuma ta ga gaskiyarsa. Ta ciro fayil ta ɗora a gwiwa, ta zagaye hannunsa da tef a hankali. Shekara ashirin rabonta da rubutu a fayil. Ta rubuta: ƙarfe ɗaya, inci goma sha huɗu, layi ya hau yatsa biyu, farce yana dawowa.

Ta yi azahar a gefen gadon. Ƙarfe biyu, yatsa biyu. Ƙarfe uku kumburin ya haye gwiwar hannu, amma yatsa ɗaya da rabi ya ƙara. Ta danna farcen, ya yi fari, ta riƙe numfashinta tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, sannan ja ya dawo sannu a hankali kamar mai jin kunya. Ta rubuta. Ƙarfe huɗu, yatsa ɗaya. Likita ta zo ta karɓi fayil ta bi lambobin da ido, ta ce a ƙara kwalba ɗaya.

Tana tsaye tana gyara ruwan sai Malam Ja'afaru ya ce, "Likita, ki faɗa mini tsakani da Allah. Duk abin nan shirme ne?"

Ta ɗan yi tunani. "Ba duka ba, Baba. Wannan maganin da ke shiga jikinka, da doki ake yin sa. Ana yi masa allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsa ya koyi faɗa da shi, sannan a ɗebi jinin a tace. To ka ga tunanin yana da tushe. Amma dokin a gaban masana yake, an auna abin da ake ba shi. Kai ba ka san ƙarfin abin da ke cikin gwangwanin nan ba, mai ba ka ma bai sani ba. Kuma abin da Mama ta ce tsohon ya faɗa gaskiya ne, jini yana mantuwa."

"Shafin Amfani fa? Mura da gwiwa?"

"Na karanta. Ban sani ba. Mutum ɗaya ne kai, ba zan iya cewa dafin ne ko wani abu ba."

Kaltume ta ce, "Sukari ne."

Likita ta yi murmushi. Har ta juya za ta tafi sai ta tsaya. "Me ya sa ka fara, Baba?"

Kaltume ce ta ba ta labarin gonar Katabu da na Sanda, a taƙaice. Da ta zo kan jinin da ke fita ta dasashi, likita ta ce, "Wannan ya fi kama da kububuwa. 'Yar ƙarama ce, mai launin ƙasa, ita ta fi sarar manoma. Dafinta daban ne da na gamsheƙa. Ko da ka kai ashirin da huɗu, ban ga abin da zai yi maka a kanta ba."

Malam Ja'afaru ya daɗe yana kallon rufi. Can ya ce, "Ashe fayil ɗin ma ba na wannan sashen ba ne."

Ƙarfe biyar kumburin ya ƙara rabin yatsa. Ƙarfe shida Kaltume ta duba, ta sake dubawa, ta jawo hannun kusa da taga don ta ga da kyau. Yana nan a kan layin, bai motsa ba. Ta danna farce, ja ya dawo kafin ta kai biyu. Ta ɗauki biro za ta rubuta, sai ta fasa. Ta ajiye biron ta rufe fuska da mayafi na ɗan lokaci. Da ta buɗe, ta ga yana kallonta.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Kaltume. Kin ce in jira ki."

Ta ce, "Ana dubawa."

Kwana goma sha shida ya yi a asibiti. Fatar wurin tsagar ta mutu, faɗin tafin hannu, aka cire ta, aka yi ta wanki da ɗauri har sabuwa ta toho. Maliki ya zo dubiya da lemo uku a aljihu. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Akawu, na ji an ƙara maka girma."

Kaltume ta tambaye shi zancen kububuwa. Ya ware ido. "Kububuwa? Hajiya, wane gardi ne ke wasa da kububuwa? Wannan ba ta san wasa ba. Ni in zan shiga gona takalmin roba nake sawa, dogo har gwiwa."

Malam Ja'afaru ya ɗago kai daga matashi. "Kai, Baba Maliki? Takalmi?"

"To da me zan shiga, da tsaga?" Ya ɗaga karkataccen yatsansa. "Wannan ma da kake gani, tawa ce ta yi mini, wadda nake ciyarwa. Asibiti aka kai ni."

Kaltume ta miƙa masa gwangwaninsa a naɗe cikin takarda. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Ritaya ta zo a Oktoba kamar yadda aka rubuta. Lahadin farko bayanta suka tafi Katabu da hantsi a motar da suka aro wajen Alhaji Balarabe. Dawa ta nuna, ciyawar gefen gona ta kai gwiwa. Kaltume ta buɗe bayan mota ta fito da takalman roba dogaye, ƙafa biyu-biyu, da sanduna biyu, da lauje. Malam Ja'afaru ya zauna a bakin mota ya sa nasa, ya cusa ƙafar wando a ciki, ya sake dubawa. Ya ɗauki lauje da dama, ya damƙi sanda da hagu. Tabon yana jan fata in ya matse yatsu, amma sun matsu.

Ya zo daidai inda ya saba tsayawa, ya tsaya.

Kaltume ta ce, "Ka riƙa buga ciyawar da sanda kafin ka taka. Likita ta ce in sun ji motsi yawanci gudu suke yi."

"Yawanci."

"Haka ta ce. Ba ta ce duka ba."

"Tsoron yana nan, Kaltume. Ko kaɗan bai ragu ba."

"Na sani. Zo da shi."

Ta shiga gaba tana buga ciyawa dama da hagu, ba ta waiwaya ba. Ta yi taku goma tana sauraro. Babu komai sai kukan kanari da ƙarar wata babbar mota a kan titin Zariya. Ta ƙara biyar. Sannan ta ji sanda ta bugi ciyawa a bayanta, sau ɗaya, sau biyu, sai ƙarar takalmin roba.

Muryarsa ta zo daga bayanta. "Ƙarfe nawa?"

Ta duba agogo. "Tara da kwata."

"Ki riƙe mini. Zan rubuta in mun koma."